Sujadar da ta karya min alƙawari

"Yaro, alƙibla ba can take ba!" Haka na tsinci kaina ina faɗa, a tsaye, cikin 'yan kallo a filin ƙwallo na Katsina.

Kashegarin Sallah iyali suka ɗauko ni daga Safana, bisa sharaɗin da uwargida Hajiya ta gindaya: yini guda ba wa'azi, ba gyaran kowa. Na kiyaye a Hasumiyar Gobarau. Na kiyaye wurin mai masa, alhali wani na ci da hagu a gabana.

Sai wani ɗan wasa ya jefa ƙwallo a raga, ya faɗi ya yi sujadar godiya. Na yi kabbara da ƙarfi, sannan na lura yamma ya fuskanta.

Babban ɗana ya ja min riga. "Baba, don Allah ku zauna. Mu aka ci."

Na waiga, kowa harara.

Hajiya ta ce, "Malam, ina alƙawarin?"

"Alƙibla ai ba ta cikin sharaɗi."

"Har da ita."

An yanke hukunci: baɗi ni ne mai gadin gida. Jama'a, ku yi adalci, da ku ne za ku bar shi ya kalli yamma?