Randar da na tace da ilimin lakwal

Jama'a, sallama. Shekara arba'in ina ɓoye wannan labari, ba don zafi ba, don kunya. Ɗiyata Hadiza ta ce in rubuta.

Lokacin ina gadi a shantiye, wato wurin aikin wani kamfanin hanya, kusa da Madawa. Akwai ramin da ruwan wankin injuna da na tsoffin batura ke taruwa, ƙasansa baƙin taɓo. Turawan kamfanin kan cika tano, wato gangar ƙarfe, da taɓon, su rufe, su hura wuta a ƙarƙashi har ya koma kamar gawayi. Ba wari, ba maiƙo.

Ni kuwa na yi aji huɗu a lakwal, kuma abu guda na riƙe: gawayi na tace ruwa.

Na kwashi buhu guda na kai gida Bangi, na zuba a gindin randa, na kira matata Rabi na yi mata lacca. Ta dube ni, ta dubi randar, ta ce, "To, mushe malamin lakwal."

Bayan wata uku ciki ya fara murɗawa. Bayan gida ya ɗauke. Bakina kamar na tsotsi ƙusa. Na sha sabara, na sha rubutu. Ranar da na ɗauki buta hannun dama ya lanƙwashe daga wuya kamar ganyen da ya sha rana, ranar na daina raha.

Majo, malamin jinya na likitar garinmu, ya yi mini pikir biyu, wato allura, ya tura ni babban asibiti. Kekena muka sayar don kuɗin magani.

Lokotoro, babban likitan wurin, ya ɗaga leɓena, ya kira abokin aikinsa ya zo ya ga wani shuɗin zare a dasashina. Suna ta murna kamar sun tsinci abu. Aka ɗebi jini aka kai Yamai. Sakamako ya dawo: dalma ce a jinina.

Ina kwance da ƙarin ruwa, amma tambaya ta fi ciwon damuna. Na ba lokotoro labarin gawayin, na ce, "Lokotoro, ba wuta ta ci shi ba?"

Ya ce, "Wuta ta ci mai da wari. Dalmar batura ƙarfe ce, ƙarfe kuwa ba ya ƙonewa. In miya ta ƙafe, gishiri raguwa yake ko ƙaruwa?"

Sai ya ƙara da cewa, "Yara nawa ke sha daga randar? A jikin yaro ƙwaƙwalwa take taɓawa."

Uku gare ni. Hadiza ko yaye ba a daɗe da yi mata ba. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba.

Rabi na zaune bakin gado tana ɓare gyaɗa. Ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Ba su taɓa sha ba. Tasu randar na ɗakin inna."

Na ce, "Don mi ba ki hwaɗa min ba?"

"Ilimin naka na, Baban Hadiza. Shi ya sa na bar ka ka sha abinka."

An gwada su duk da haka. Lafiya lau.

Sati biyar na yi ana allurar da ke fitar da dalma ta fitsari. Hannun ya ɗauki kusan shekara kafin ya riƙe hauya.

Na gode Allah, na gode wa lokotoron nan, da maƙwabtan da suka nome mini gero.

Shawarata: toka ko gawayin da ya fito daga sharar masana'anta, kar ya shiga randa, murhu ko garka, komai tsabtarsa a ido. In ciki ya ƙi jin magani, gaya wa likita aikin da kake yi.

Rabi na nan. Har yau in na fara bayani a gida, takan tashi ta rufe randa.