Dogo ya rasu, ku sauke bidiyon nan

Da safiyar nan ina fitowa daga tashar jirgin ƙasa ta metro aka kira ni, wai Dogo ya rasu. Mai gidan da yake haya a unguwar Sanyuanli, nan China, shi ne ya same shi a ɗaki. Sun ce zuciya ce. Na zauna a kan matakala na kasa tashi, mutane suna ta kauce mini.

Duk wanda ya taɓa zuwa sarin kaya a titin Guangyuan ya san Dogo, ko da bai san sunansa ba. Baturen nan mai tsayuwa a ƙofar wani shagon jallabiya, wanda sai ya sunkuya kafin ya shiga. Sunansa Tomas, mutumin Lithuania ne. Da yawanku kun ɗauka ɗan talla aka haife shi. To ba haka ba ne, ƙwararren ɗan ƙwallon kwando ne.

Tun yana saurayi ya fara buga wa ƙungiyar garinsu. Daga nan aka saye shi zuwa Poland, ya wuce Turkiyya, a ƙarshe wata ƙungiya a nan China ta ɗauko shi. Ya taɓa nuna mini tsohon wasansa a waya. Wallahi fili a cike maƙil ana kiran sunansa. Sai gwiwa ta samu matsala. Aka yi masa aiki, aka sake yi, ba ta koma daidai ba. Ko shugaban ƙungiyar bai samu gani ba, tafinta aka turo ya ce masa ya kwashe kayansa.

Bai koma gida ba.

Yana da 'ya guda, Lina, tana karatu a can wajen mahaifiyarta. Ce mata ya yi an mayar da shi mai horar da matasa a ƙungiyar, kuma a kan haka yarinyar ta tashi. Lokaci-lokaci sai ya sa tsohuwar rigar wasansa, ya rataya usur, mu je filin unguwa in ɗauke shi hoto ya tura mata. Abin da ya rage masa a duniya ke nan, 'yarsa ta ci gaba da yi masa kallon ɗan wasa.

Ni ina harkar haɗa wa 'yan kasuwa kaya, ofishina yana kusa da shagon. Idan lokacin salla ya yi na shimfiɗa darduma a lungu, Tomas yake zuwa ya tsaya a bakin lungun don kada masu tura kurar kaya su bi ta gabana. Ban taɓa roƙonsa ba. Da azumi ko ruwa ba ya sha a idonmu. Da bayana ya riƙe, shi ya kwantar da ni a kan dila ya nuna mini yadda ake miƙa jijiya, yana cewa, "Malam Bashir, kana ɗaukar kaya da baya, ƙafa aka ba ka don wannan."

Mu kuma me muka yi masa?

Kun san al'adarmu a nan. Mutum ya sauka daga Kano, kafin ya ɗaure dila ɗaya sai ya yi bidiyon da zai tura wa kwastomomi. In da Bature a ciki, kaya sun ƙara daraja. Sai a ba lawban, wato mai shagon, wani abu, a ari Dogo. Yau shi ne injiniyan kamfani daga Jamus, gobe manajan masaƙa. An sa masa babbar riga ta tsaya masa a gwiwa, an ɗora masa hula kamar murfin kofi. Duk yana shanyewa, ya ce "madalla", kalmar da ya fi iyawa ke nan.

Sai wani Alhaji namu, ba zan kama suna ba, ya san kansa. Ya ji labarin Dogo ɗan ƙwallo ne. Ya sa aka rataye kwandon wanki a saman rumfa, ya miƙa masa ƙunshin safa, wai ya yi tsalle ya jefa. Tomas ya nuna gwiwarsa. Lawban ya harare shi. Tomas ya yi tsallen. Da ya diro ƙafar ta lanƙwashe, ya zube a cikin kwalaye, babbar riga ta rufe masa kai. Alhaji yana dariya har wayar tana rawa a hannunsa, yana cewa, "Ku ga ƙaton banza, ko safa ta gagare shi!" Ina dawowa daga wajen lodi na tarar ana ɗaga shi. Na ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah ka goge." Ya ce, "Haba Bashir, wasa ne fa, ai an biya shi."

Haɗuwarmu ta ƙarshe da Tomas makon jiya ce, da rana, a gidan taliyar Musulmin nan na Sanyuanli. Yana ɗingishi sosai, bai ci rabin kwanonsa ba. Ya ce Lina ta kusa gama makaranta, tana so ta zo ta ga yaran da yake horarwa. Ya yi dariya, idonsa kuwa ya kaɗa. Ya ce, "Na ba ta lambarka, na ce kai abokin aikina ne. Duk abin da zai faru, kada ta ga kasuwa." Na ce masa in sha Allahu ba za ta gani ba.

Yau kafin azahar kowa ya zama masoyin Dogo. Mutanen da ba su taɓa tambayarsa ya jiki ba sun cika status da hotonsa. Alhajin nan kuwa rasa abin sakawa ya yi sai bidiyon kwandon wanki, da ɗan hoton kuka a ƙasa. Shekaru yana kiransa ƙaton banza, yau ya bi lawban ya karɓo cikakken sunansa ya rubuta da manyan baƙaƙe, don a san yana da aboki Bature. Ku kuma kuka yi ta turawa gaba. Wasu har suna rubuta "Allah sarki, amma fa na yi dariya".

An sanar da yarinyar mutuwar babanta, ta shiga neman sunansa ko za ta ga ta'aziyyar ƙungiyarsa. Ƙungiya ba ta ce uffan ba. Naku ta gani.

Ɗazu da la'asar saƙonta ya shigo mini. Bidiyon ta turo, da layi biyu da Turanci: "Kai ne abokin aikin babana? Me ya sa suke masa dariya?"

Alhaji, ga tambayarka nan, kai ya kamata ka amsa. Na san ba za ka iya ba, bakinka a ciniki kawai yake da kaifi.

Kada wani ya shigo mini da wa'azin cewa Tomas ba Musulmi ba ne. Na sani. Lamarinsa yana wajen Ubangijin da Ya halicce shi, Shi ne mafi adalci. Namu lamarin nake jin tsoro.

Ya Allah Ka sanyaya zuciyar yarinyar nan, Ka ba ta mai riƙe ta da mutunci, Ka shirye ta Ka shirye mu. Ya Allah kada Ka sa ƙarshenmu ya zama abin dariyar wasu a gaban 'ya'yanmu.

Wanda ya saka bidiyon ya sauke, don girman Allah. Sauran ku ce amin, ku kuma roƙa mini Allah Ya ba ni abin da zan ce mata. Ta ga na karanta saƙon, tana can tana jira.