Toka a Idon Kyamara

Ni malamin firamare ne a Kafanchan, amma a wancan lokacin, in ka tambaye ni sana'ata, sai in buga ƙirji in ce mai shirya fim ne. Kyamara ɗaya tal gare ni, ta hannu, wadda na saya wajen wani Ibo mai shago kusa da tashar jirgi. Da ita nake ɗaukar bikin aure da taron zumuntar mata. Ina ji da ita kamar tsoka ɗaya a miya, ko matata ba ta isa ta taɓa ta ba.

Babana ne ya roƙe ni in je Kagoma in ɗauki bidiyon mahaifiyarsa. Ta tsufa tukuf, kuma hotonta ɗaya ne a duniya, na katin zaɓe, inda ta ɓata rai kamar an kama ta da akuyar sata. Ya ce yana so ya riƙa ganinta tana tafiya bayan Ubangiji ya kira ta. Na yi masa alkawari.

Da damina na je. Gab da shiga gari babur ɗinmu ya zame, ni da jakar kyamara muka kwanta a taɓo. Kyamara ba ta fashe ba, sai dai laka ta shafe gilashin gabanta. Na ajiye ta a kan turmi don ta bushe, na zaga gaida dangi, kuma gaisuwar ƙauye ba a yinta a tsaye.

Da na dawo na tarar da Kaka zaune a bakin murhu, kyamarata a cinyarta. Ta jiƙa tsumma, ta dangwalo toka, tana dirzar gilashin da iya ƙarfinta. Haka ta saba wanke ƙwan fitilarta tun tana amarya, kuma duk unguwar an san babu fitilar da ta kai tata haske. Ta miƙo mini tana murmushi, tana jiran yabo.

Na leƙa ciki. Gefe da gefe komai tas, amma tsakiya ta yi fari dishi-dishi, kamar an huro numfashi a madubi. Duk fuskar da na saita sai ta narke.

Ina da zuciya, ban taɓa musu ba. Ranar nan na yi wa tsohuwa ihu a tsakar gidanta, a gaban matar wana da ke zaune da ita. Na faɗi maganganun da har yau ba na iya maimaitawa. Ita kuwa ta bari na gama, sannan ta ce da irin Hausarta ta mutanen ƙauyenmu, cikin wasan kaka da jika, "Mijina, ka ɗauka ni haka. Ido na ma ya yi fari, amma ina gane ka."

Na ce ni ba na aikin banza. Zan sayo sabon gilashi in dawo. Ko tuwon da ta sa aka tuƙa mini ban ci ba, na hau babur na tafi.

Mai gyara a kasuwa ya juya gilashin a rana, ya ce wannan sai dai canji, kuma sai an aiko daga Legas. Na jira. Fushi ya huce, kunya ta maye gurbinsa, ita ce ma ta fi hana ni komawa. Kafin a fara haƙar citta Kaka ta rasu, gilashi bai iso ba.

A wajenmu mutuwar tsoho biki ce. Bayan fasto ya gama, akan samu wata daga cikin matan gida ta sa kayan marigayiya, ta ɗauki sandarta, ta kwaikwayi tafiyarta, mutane su yi dariya har su yi kuka. Matar wana aka ba wannan aiki. Da safe, kafin jama'a su taru, na gan ta a bayan gida tana gwadawa ita kaɗai: zanen Kaka mai ruwan ƙasa, ɗankwalin da ta saba ɗaurawa a karkace, ɗingishin ƙafar hagu. Ta taso daga rumbu zuwa madafa, ta tsaya ta kori kaza da sanda. Ban san abin da ya sa na ɗaga kyamarar ba. Minti biyu na ɗauka, da lalataccen gilashin.

Sai bayan wata guda na buɗe bidiyon a kwamfuta, da rana tsaka, a ofishin makaranta. Farin tabon ya zauna daidai kan fuskar, ya bar zane da sanda da tafiya. Na san sarai wadda na ɗauka, amma Kaka nake gani tana nufo ni, ba fuska. Na rufe kwamfutar na fita waje na tsaya a rana.

Na yi niyyar gogewa, hannuna ya ƙi. Yana nan har wata Lahadi bayan sujada, Baba ya zo gidana, matata ta kunna masa bidiyon jana'izar don ya ga mutanen da suka zo. Wancan guntun ne ya fara fitowa. Ranar bikin, Baba yana zaune a ƙofar gida tare da dattawa, bai san abin da aka yi a bayan gida ba.

Ya matso da kujera har gwiwarsa ta taɓa tebur. Ya ce a mayar baya. Aka mayar sau uku. Sai ya kamo hannuna ya riƙe, yana kallon allon, hawaye na bin gemunsa.

"Ashe ka ɗauka ta," in ji shi. "Ni ina ta riƙe ka a zuciya, na ce yaron nan bai cika alkawari ba. Ka yafe ni."

Matata ta dube ni. Na buɗe baki, gaskiyar tana kan harshena.

Na ce, "Ba komai, Baba."