'Yar Farin Malam Gide a Bencin Baya

Duk wanda ya yi ƙaramar sakandare a Sheme a 'yan shekarun nan ya san Malam Gide, ko da kuwa lissafin da ya koya masa ya daɗe da zubewa. Dogo ne siriri, hularsa kullum a karkace, hannun rigarsa na dama fari fat da alli. A Daudawa aka haife shi, gidan manoman auduga. Aikin koyarwa ne ya kawo shi Sheme, ya yi aure, ya sami gonar masara a bayan gari, ya zauna. Mutum ne da bakinsa bai iya furta "wataƙila" ba. In ya dubi gabas ya ce za a yi ruwa, to ka kwashe shanyarka. In kuma ba a yi ba, gobe zai tsayar da kai ya yi maka bayanin inda hadarin ya yi kuskure.

Babu abin da ke yi masa daɗi kamar gano abubuwan da ke tafiya tare. Kowace shekara, ranar da ya fara shiga sabon aji, da labarin kwaɗi yake buɗewa.

"Duk lokacin da kwaɗi suka cika gari da kuka, zazzaɓi na ƙaruwa. Haka ne ko ba haka ba?"

Yara su amsa, "Haka ne, Malam!"

"To mu tahi mu kashe kwaɗi, zazzaɓi shi ƙare?"

Sai ya gyara hula yana murmushi. "Ruwan sama ne ya kawo kwaɗi, shi ne ya kawo sauro. In kun ga abu biyu na tahiya tare, ku leƙa bayansu. Sau da yawa akwai na uku da ke kora su."

Darussan makaranta ma ya raba musu gidaje. A wurinsa lissafi da kimiyya da zanen fasaha 'yan ɗaki ɗaya ne: in ɗaya ya hau sauran su hau, in ya faɗi su bi shi. Hausa da addini da tarihi kuma nasu gidan daban. Yakan ce wa abokan aikinsa, "Ku hwaɗa mani makin yaro a lissahi, in hwaɗa maku makinshi a kimiyya." Abin haushin, galibi yakan dace. Shi ya sa in ƙarshen aji uku ya zo, lokacin da ake ware masu shiga ajin kimiyya da masu shiga ajin adabi a babbar sakandare, shugaban makaranta kan tara malamai a yi ta shawara, amma kowa ya san maganar Malam Gide ce ke rufe taro.

A shekarar da ake magana, cikin 'yan aji ukun akwai Suwaibatu, 'yarsa ta fari.

Malam Gide ya yi boko, amma kunyar ɗan fari yadda ya gaje ta a Daudawa haka ya riƙe ta. Shi ma ɗan fari ne, har mahaifinsa ya koma ga Allah bai taɓa jin sunansa a bakin tsohon ba, kuma bai taɓa ɗaukar hakan ƙiyayya ba. Saboda haka tun da aka raɗa wa Suwaibatu suna bai furta shi ba. A gida "ke" ce, ko "yarinyar nan". Ba ya wasa da ita, ba ya tsura mata ido. A aji in ana kiran sunaye ya iso kanta, sai ya yi gyaran murya ya wuce. Ranar farko kuwa da kansa ya nuna mata bencin ƙarshe, jikin bango, don kada wani ya ce malam ya ajiye 'yarsa a gaba. Ajin ma ba ƙarami ba ne, domin tun da mutanen ƙauyuka suka taso suka dawo bakin titi aka fasa bangon tsakiya aka haɗe ɗakuna biyu.

Ita ma yarinyar, a ganin mutane, ta iya nata. In ta haɗu da mahaifinta a hanya sai ta wuce abinta kamar ba ta gan shi ba, sai in sun yi kusa da kusa ta durƙusa. Dattawan da ke zama wurin mai shayi kan ce, "Kai, ɗiyar Malam akwai kunya!" Malam Gide ya ji daɗi a ransa, ya yi kamar bai ji ba.

Makinta kuwa kamar don a gaskata shi aka tsara shi. A Hausa da addini da tarihi babu mai kama ƙafarta, a Islamiyya ta yi nisa da hadda. Lissafi da kimiyya da zanen fasaha kuwa, su ukun suna kwance tare a ƙasa. Malam Gide ya duba ya yanke hukunci irin wanda zai yanke wa ɗan kowa: ba ta da kan kimiyya, ajin adabi za ta.

Matarsa Hajaratu ce ta tare shi wata ranar da yamma yana gyara fartanya a tsakar gida.

"Malam, yarinyag ga hwa aikin jinya take so. Ta hwaɗa ma gwaggonta. An ce kuma sai wanda ya yi ajin kimiyya ake ɗauka."

"Haka ne."

"To?"

"To mi? Kan kimiyya ne babu. Allah bai ba kowa komi ba. In na tura ta can wahala za ta sha, kuma a ce na yi son kai."

Ya faɗa da ƙarfin gwiwa kamar kullum, amma abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya daɗe yana burin a ce ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya gaje shi a lissafi, kuma yarinyar nan yake so ya zama ita ce, ko da yake ko a mafarki ba zai faɗa ba. Hajaratu ta koma kan aikinta. Ita ma uwar 'yar fari ce, ba za ta zauna tana lallashi ba. Abin da ta yi shi ne ta aika wurin wani malami aka yi rubutun buɗe ƙwaƙwalwa, ta haɗa da zabibi da zuma, kullum da safe ta ajiye a bakin ƙofar ɗakin yarinyar ta wuce.

Ana cikin haka damina ta faɗi da iska mai ƙarfi, ta yaye kwanon rufin bayan ajin. In ana ruwa rabin ɗakin ya zama tafki. Dole aka tattaro yara gaba, aka matsa bencina, waɗanda suka rasa wuri aka shimfiɗa musu tabarma a gindin baƙin allo. 'Yan bencin ƙarshe su ne suka rasa wuri.

Gwajin da aka yi a wannan tsakanin ya ba Malam Gide mamaki. Sai da ya sake bin takardar Suwaibatu daga sama har ƙasa yana neman inda ya yi mata rangwame, bai samu ba. Malamin kimiyya ma ya tare shi a baranda yana cewa yarinyar ta farka. Da labari ya isa gida, Hajaratu ta yi ta hamdala.

"Ka gani ko, Malam? Rubutu ya ci."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Hajaratu, kwaɗi ke nan da zazzaɓi! Don an sha rubutu an ci gwaji, shi ke nan rubutu ne?"

"To mine ne, tunda kai ka san komi?"

"Dace ne. Tambayoyin ne suka zo da sauƙi."

Aka gyara rufi, kowa ya koma mazauninsa. Gwaji na gaba, darussan nan uku suka sake kwanciya tare, alhali kofin rubutu bai fasa zuwa bakin ƙofa ba. Malam Gide ya ci gardama sau biyu ke nan, ta matarsa da ta malamin kimiyya. Amma cin gardamar bai yi masa daɗi ba. Kan da babu lissafi a cikinsa ba ya tashi ya warware abin da yarinyar nan ta warware, ko da tambayoyi sun zo da sauƙi. Wannan ya sani, aikinsa ne. Yana huɗar masara abin na cizonsa, yana kan babur abin na cizonsa, ga ranar taron malamai tana matsowa.

Wata safiya ba shi da darasin farko, yana tafe a baranda hannuwa a baya. Ya wuce tagar wani aji, Malam Barau mai koyar da Hausa na ciki yana zagaya tsakanin bencina yana ba da labari da baki, allonsa wanke tas, ko ɗigon alli babu. A aji na gaba malamin kimiyya ya juya wa yara baya, ya cika allo da zane da ƙananan rubutu tun daga wannan kusurwa har waccan. Malam Gide ya tsaya cak. Ya dubi hannun rigarsa fari fat. Lissafi, kimiyya, zanen fasaha: duk a allo suke zaune. Hausa, addini, tarihi: duk ta kunne suke shiga. Shekara da shekaru yana cewa darussan nan uku kai ɗaya ke ɗaukarsu, bai taɓa lura cewa ido ɗaya ke ɗaukarsu ba.

Bai yarda nan take ba, don ba halinsa ba ne. Da aka fita hutun tara ya shiga ajin su Suwaibatu, ya zauna a bencin ƙarshe ya dubi allo. Shi dai yana ganin komai sarai. Ashe ba tsawon ɗakin kaɗai ba ne. Abin da ya rage shi ne ya dubi fuskar yarinyar, abin da rabonsa da yi tun tana zanen goyo.

Da yara suka dawo ya rubuta tambaya a allo, ya juyo, ya daure ya kai idonsa can jikin bango. Suwaibatu ta miƙa wuya, ta ƙanƙance idanu har sun kusa rufewa, ta sa yatsa ta ja gefen ido ɗaya. Can ta haƙura, ta sunkuya tana leƙen littafin ta kusa da ita, hancinta kamar zai taɓa takardar. Ta yi shi ne cikin sabo, irin na wanda ya daɗe yana yi. Malam Gide ya kawar da ido. Ya tuna duk ranakun da ta wuce shi a hanya ana yaba mata kunya, tausayi da kunyar kansa suka rufe shi lokaci guda.

Ya ɗaga hannu ya nuna ta. "Ke, taso ki dawo nan gaba."

Ba ta motsa ba. 'Yan mata sun cika layin, kowace "ke" ce.

Ya sake miƙa hannu sosai. "Ke nike nuhi."

Ta kusa da ita ta miƙe, ya girgiza kai ta zauna. Suwaibatu na zaune tana duban wajen da muryar ke fitowa, fuskarta ba alamar komai. Ba ta ganin yatsan. Yara suka fara waige-waige. Malam Gide ya ajiye allin a kan tebur.

"Suwaibatu."

Ko yaron da ya zo jiya ya san Malam ba ya faɗin wannan suna. Yarinyar ta zabura ta miƙe, littafinta ya faɗi ƙasa. Ta taho tsakanin bencina kanta a sunkuye, hawaye na zuba, ya nuna mata bencin farko. Sannan ya juya ga allo ya daɗe yana goge wurin da babu rubutu.

A taron malamai, da aka iso kanta shugaban makaranta ya dube shi yana jiran abin da kowa ya riga ya sani. Malam Gide ya gyara hula.

"Ajin kimiyya."

Malam Barau, wanda ya riga ya sa rai da gwanar ɗalibarsa, ya ce, "Haba Malam Gide! Ba kai ka ce darussan ga uku ba su ƙarya ba?"

"Ba su yi ƙarya ba, ni ne ban tambaye su daidai ba. Na ga suna tahiya tare ban leƙa bayansu ba. Kada ku ɗauki maganata, tunda ɗiyata ce. Ku zaunar da ita gaban allo, wani ya hidda tambayoyi, wani ya duba, ni ba ni ciki. In ta hwaɗi ku kai ta inda kuka ga dama." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma ba za ta hwaɗi ba."

Ba ta faɗi ba kuwa. Kafin a dawo daga hutu ya ɗauke ta a babur zuwa tasha, suka shiga mota zuwa Funtuwa wurin likitan ido, aka yanka mata tabarau. Tun daga shekarar kuma, duk sabon ajin da ya shiga, bayan labarin kwaɗi sai ya rubuta ƙananan lambobi a allo ya sa 'yan baya su karanto ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane mako sai an juya mazauni. Hajaratu dai har yau tana nan kan bakanta cewa rubutun ne ya buɗe, in ba kan yarinyar ba, to na ubanta.

Wata ranar kasuwa da la'asar yana dawowa daga gona, fartanya a kafaɗa, titi cike da motocin shanu da masu tallar gyaɗa. Can tsallaken titi, nesa sosai, wata mai farin hijabi da tabarau ta tsaya cak. Ta jira mota ta wuce, ta tsallako kai tsaye ta cikin jama'a, ta durƙusa daidai gaban teburin mai shayi inda dattawan nan ke zaune, ta miƙa hannu ta karɓi fartanyar.

"Baba, sannu da aiki. Tun daga wajen masallaci na hango ka."

Malam Gide ya dube ta sosai, a gaban kowa.

"Yauwa, Suwaibatu," ya ce. "Mu tahi gida."