Yadda Na Kori Masu Cin Tuwon Raƙiya

Raƙiya 'yar kawuna ce, wato taubashiyata, kuma ta girme ni da shekara shida. A Barmu aka haife ta. Ta auri wani direban motar kasuwa suka dawo Tawa, daga baya ya tafi Abijan neman abin kansa kamar yadda mazan Adar suka saba, ya rasu a can. Ya bar mata 'ya'ya huɗu da wata babbar tukunya.

Da tukunyar ta fara sayar da tuwo a bakin tasha, cikin rana, shekara uku. Sannan ta samu rumfa a bayan wani gareji, inda take yau shekara goma sha bakwai. Rumfar ba ta da allo, ba ta da suna. Ƙofarta lungu take duba, an kewaye ta da zana wadda ta fi tsawon mutum, bencinta huɗu kuma duk bango suke fuskanta. Tana yin tuwon hatsi da miyar kuka, shinkafa da wake, dambu da zogala, ranar kasuwa kuma kai da ƙafa. Bayan azahar wurin yakan cika da ma'aikata da malaman lakwal, wato makarantar boko, da dillalan dabbobi na kara. Kowa ya shigo ya ci ya wanke hannu ya fita, ba a cika gaisuwa mai tsawo ba.

Ni sunana Muktari, malamin Faransanci ne a koleji. Bara aka aika ni Yamai taron bita na kwana uku kan hanyoyin sadarwa na zamani. An ba mu jaka da biro da takardar shaida mai hatimi biyu. An kuma nuna mana yadda manyan otal da gidajen abinci ke tallar kansu a waya: faranti yana ƙyalli, mutane sun kewaye tebur suna dariya haƙora a waje. Mai koyar da mu ya ce a wannan zamani abin da ba a gani a waya, babu shi. Na rubuta wannan, na ja masa layi biyu.

Da na dawo na shiga rumfar Raƙiya da sabon ido. Nan take na ga kurakuran da ta shekara goma sha bakwai tana yi ba wanda ya gaya mata.

"Raƙiya, kin ɓoye kanki. Mai sayar da abinci ba ya juya wa titi baya."

"Mushe, ci ka tahi," ta ce, tana kwasar tuwo. Mushe, "monsieur" ɗin Faransanci ke nan, take ce mini idan za ta raina ni, wato kullum.

"Zan buɗe miki shafi. Hotuna kawai zan ɗauka, duk Tawa ta san ki."

"Tawa ta san ni tun kana yawo ba wando."

Na yi mata bayani na kusan rabin sa'a, har da kalmomi uku da na koyo a Yamai. Da ta gaji ta ce, "To ɗauki tukunya. Ita ba ta da kowa a gida." Na yi dariya, don na ɗauka wasan taubasai ne.

Na ɗauki tukunya. Sai dai tuwon hatsi ba ya son hoto. Duk ta inda na juya wayar, sai ya fito kamar an kwaɓa siminti, miyar kukar kuma kamar tabki a ƙarshen damina. Na tuna cewa a hotunan Yamai mutane ne ke ƙawata abinci. Don haka ranar Litinin, rumfa a cike, Raƙiya tana can wajen murhu, na tsaya bayan benci na ce, "Jama'a, salamu alaikum!" Duka suka waiwayo, baki cike. Hoton ya yi kyau ƙwarai, kowace fuska ta fito sarai.

Na sa shi a shafin da na buɗe, na sa a sitatus, na tura rukunin unguwa uku. Saboda an koya mana cewa shaidar mai saye ta fi komai ƙarfi, na rubuta a ƙasa: "Malam Yunusu ya ce babu miya irin wannan a Tawa." Malam Yunusu akawu ne a wani ofishi, yana zaune a tsakiyar hoton da loma a hannu, kuma lallai ya faɗi haka, da kunnena na ji. Kafin magariba mutum ɗari huɗu sun gani. Na gaya wa abokan aikina cewa ilimi bai taɓa faɗuwa ƙasa banza ba.

Ranar Talata mutum uku suka zo cin abinci, ukun kuma gwauraye ne.

A garinmu, magidancin da aka gani yana cin tuwo a waje ya gaya wa duniya ke nan matarsa ba ta iya girki ba. Na san wannan, a cikinsa aka haife ni. Zanar nan da lungun nan da bencin da ke duban bango, duk don haka aka yi su. Sai dai ba a yi maganarsa a taron bita ba, shi ya sa bai zo mini a rai ba. Shi Malam Yunusu shekara shida yana gaya wa matarsa Hawa cewa aiki ba ya barinsa cin komai da rana sai goro, da dare kuma likita ne ya ce ya rage ci.

Na goge hoton, amma ya riga ya kai har ƙauyen Takanamat. Kwana biyar Raƙiya tana rarraba wa maƙwabta tuwon da ya kwana. Ba ta zage ni ba, wannan ya fi tsorata ni. Ta ce kawai, "In Lahadi ta sake zagayowa haka, zan koma bakin tasha. Shekarata hamsin da ɗaya, Muktari." Ranar ce kaɗai na ji ta kira sunana.

Na je ofishin Malam Yunusu ba shi haƙuri. Na same shi da kular abinci a kan tebur. Ya ce yanzu kullum Hawa ke aiko masa da ita a kabu-kabu, kuma sai ya cinye tas ya tura mata hoton kular ba komai a ciki.

"Kai ka koya mata aiki da hoto, mushe," ya ce. "Allah ya saka maka. Rufe mini ƙofa ta waje."

Ranar Asabar da hantsi ina rumfar, ina taya Raƙiya zaman shiru, sai wata mace ta yi sallama. Raƙiya ta dube ta, ta miƙe ta gyara ɗaurin zane. Hawa ce. Ni kuma na fara duba ko zanar tana da wata kafa.

Hawa ta zauna a benci ta ce, "Zuba mini miyar da aka ce babu irinta."

Aka zuba mata. Ta ci loma ɗaya, ta ci ta biyu, ta cinye, ta suɗe hannu.

"Bai yi ƙarya ba, munafukin," ta ce. Sannan ta rage murya. "Yaya, ni ungozoma ce a asibiti. Tun da hoton nan ya fito nake tashi da asuba in tuƙa tuwo kafin in tafi aiki, don kada a ce. Jiya ina tsaye na yi gyangyaɗi. In na aiko da kulata, za ki cika mini?"

"Mi zai hana?"

"Ba wanda zai ji?"

"Shekara shida mijinki na zama inda kike zaune. Daga bakina kika ji?"

Su biyun suka juyo suka dube ni. Na rantse. Ba su gamsu ba, sai da na sake rantsewa.

Hawa ta gaya wa ƙawarta ɗaya tak, wadda ita ma ta gaya wa ɗaya tak. Raƙiya ba ta karatu, amma saƙon murya ba ya bukatar lakwal. Yanzu tun da safe wayarta ke ƙara, matan da ke aikin ofis da asibiti da makaranta suna faɗin abin da suke so, kuloli suna zuwa a ɗaure cikin ɗankwali suna komawa a cike. Ta ƙara tukunya biyu. Mazan ma sun dawo kaɗan-kaɗan, bayan ta kafa doka cewa waya a aljihu take zama, ni kuma tawa a hannunta har in gama ci. Malam Yunusu bai dawo ba. Na ji yana gaya wa mutane cewa girkin Hawa ya gyaru sosai.

Na yi ƙoƙarin nuna wa Raƙiya cewa, in an duba da idon ilimi, tallata ce ta kawo wannan ci gaba.

"Awo, mushe," ta ce. "Kai ka kore su, matansu suka tsamo ni. Je ka a buga maka hatimi na uku."

Matata Fa'iza malama ce, ita ma sai ƙarfe ɗaya take tashi daga aji. Makon jiya na dawo gida ɗaya da kwata na tarar da tuwo da zafinsa, murhu kuwa sanyi ƙalau. Na ci. Na ce, "Yau miya ta yi." Ta ce, "Na gode, malam."

Da la'asar na bi ta lungun, na jira har rumfa ta yi sauƙi, na matsa kusa da murhu.

"Tsakaninmu, Fa'iza tana aiko da kula?"

Raƙiya, wadda ita ta raka Fa'iza ɗakina ranar aurenmu, ta ci gaba da kankare tukunya.

"Wace Fa'iza?" ta ce.