Kafin Zanenka Ya Koɗe

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Litinin, tara ga watan jiya, da hantsi ina shanya a baranda, maƙwabciyata ta leƙo ta ce mini ɗanta ya rasu. Kai ke nan, Angona. Ciwon ciki na kwana biyu. 'Yata ce ke rubuta wannan, ni baki kawai gare ni.

Tun kana rarrafe nake ce maka Angona, ka girma kana ce mini Amarya mai haƙori uku. Da ciwon ƙafa ya zaunar da ni, kai ka fara lura ina magana ni kaɗai. Ka zo da waya, ka ce ka gina mana zaure a intanet, mu tsofaffin da ba ma iya fita. Na ce da wane bulon? Ka nuna mini farin bango a cikin wayar, kowa ya zana abin da ya ga dama da yatsa, wani ya zo ya ƙara masa. Na zana kaza, wani tsohon direba da ban taɓa gani ba ya sa mata tayoyi. Wata guda muna rigima a kan kazar nan, har muka shaƙu. Wayar ma ba ta jin yatsana saboda bushewa, ka koya mini in riƙa hura masa tururin baki tukuna.

Sai dai ka sa doka. Zanen da ya kwana bakwai ba a taɓa shi ba, koɗewa zai yi ya ɓace, kuma taɓawar mai shi ba ta aiki. Wai don mu riƙa leƙa juna. Ta yi rana kuwa. Da motar da direba ya zana ta fara koɗewa muka gane wata tsohuwar ungozoma mai taɓa masa ba ta shigowa. Aka bincika, aka same ta kwance, ba mai ba ta ko ruwa.

Da direba ya rasu, ka zo ka zauna a bakin gadona. Ka ce za ka gyara dokar, duk wanda ya rasu zanensa ya tsaya har abada. Na rufe ka da faɗa. Na ce, "Shirin mutuwarmu kake yi tun muna numfashi? Tashi ka ba ni wuri."

Ka yi dariya ka ce, "To Amarya, na bari sai kin huce."

Ban huce da wuri ba, Angona. Ka yafe mini.

Mutum biyu masu irin aikinka sun duba, sun ce mabuɗin gyaran yana cikin kanka. Zauren yana nan yana bin dokarka, bai san ka tafi ba. Jama'a kuma sun ja jiki, kowa ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Motar direba ta ɓace makon jiya. Kullum na buɗe, farin bangon ya ƙara ciyowa ciki. Naka zanen, tagar nan da ba ka gama ba, ni kaɗai na rage mai taɓa ta.

Ga shi ranar Alhamis za a yi mini aikin ido. Likita ya ce mako biyu ba ni ba waya. 'Yata ba ta cikin zauren, kuma tun rasuwarka ba ya karɓar baƙo.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya ɗebe maka kewa kamar yadda ka ɗebe mana. Ina yi wa mahaifiyarka da ƙannenka ta'aziyya, Allah ya ba su haƙuri. Ke kuma matarsa, 'yar nan, Allah ya ba ki dangana. Na san ke ma ya sa ki cikin zauren, na san ba ki iya buɗewa. Ba sai kin kalla ba. Ki rufe ido ki ɗora yatsa. Zan taɓa ranar Alhamis da safe kafin a shiga da ni, daga nan sai ki fara ƙirga kwana bakwai.