Ɗan Yumɓu da Awaki

A Aujara na taso, a hannun kakata Iya Hajjo. In an ci tuwo bayan magariba, takan tura karan dawa cikin murhu, mu jikoki mu kewaye ta. Ni take fara tsokana. "Maigida, matso kusa, ko yau ma fushi kake da amaryarka?" Sai ta gyara zama ta ce ga wata nan ta iso, mu ce ta shigo mu ji ta.

Tatsuniyar da ta fi zama a raina ita ce ta wata tsohuwa mai ginin tukwane da Allah bai ba ta haihuwa ba. Ta gina mutum da yumɓu, ta hura masa iska, ya miƙe. Ta jera masa aikin gida: shara, sai ɗebo ruwa, sai sussuka, sai daka, sannan ya koro awaki daga bakin fadama. Ɗan Yumɓu bai taɓa tsallake ko ɗaya ba. Ran nan hadari ya haɗo yana tsakiyar shara, tsohuwa kuwa tana kwance ba lafiya. Ta ce ya je ya koro awaki, ya ce ai bai ɗebo ruwa ba tukuna. Ya gama shara, ya je rijiya ana tsuga ruwa, ya sussuka, ya daka. Ko da ya isa fadama, ruwa ya tafi da awakin, shi ma nan ya narke.

"Wa ya kashe awakin?" Iya za ta tambaya. Mu ce Ɗan Yumɓu. Sai ta girgiza kai. "Tsohuwar ce. Daka dole ya jira sussuka. To ina ruwan akuya da tsintsiya? Ita ta ɗaure su da igiya ɗaya."

Yau a Takur nake zaune, cikin Dutse, ina bincike kan yadda kwamfuta ke tsara wa inji matakan aiki. Takan fitar da jeri ɗaya miƙaƙƙe, wannan bayan wancan, in ɗaya ya cije duk sauran su tsaya. Nawa aikin shi ne in bi jerin, in kwance duk ƙullin da ba dole ba, in bar na dolen, don injin ya iya sauya tsari in hadari ya taso masa. Abokan aiki suna yabon dabarar. Ban taɓa gaya musu a bakin murhu na samo ta ba.

Daminar bara ƙanwata ta kira ni, ta ce an kwantar da Iya a asibiti a Jahun, kuma tana ta nemana. Na ce bari in gama gwaji, in rubuta sakamako, in tura, ran Juma'a zan shigo mota. Sai aka kara wa Iya wayar a kunne.

"Maigida, sai yaushe?"

"Iya, saura kaɗan in gama."

Ta ce, "To, Allah ya taimaka. Gama shararka."

Na yi dariya, na ɗauka tsokanar da ta saba ce. Ran Laraba ta rasu. Ko jana'iza ban tarar ba, sai ƙasa mai danshi.

Har yau abin yana cin raina. Babu abin da ya haɗa tafiyar da rubutun nan. Jahun ba nisa, da na je na dawo a yini ɗaya, gwajin na nan yana jirana. Ni na ɗaure su da igiya ɗaya.

Takardar binciken ta fito, an yaba. A cikinta na koya wa inji yadda zai gane abin da ba ya jira. Ni kuwa sai da na gama sharata.